Canjin tayar babur: ka yi da kanka a gida ko ka kai gareji?

Ranar da na fara cewa yau da kaina zan canja tayar baya, tiyub biyu na fasa kafin yamma, na ukun ne ya tsira. Kuma ba wai ƙarfi na ƙara ba, wani ne da ya riga ni sanin aikin ya same ni ina ta gumi ina kokawa da liba, wato ƙarfen ɓamɓare taya, ya tsaya ya kalle ni ya ce ɗan'uwa ai ba dambe ake yi da ita ba, danna wancan ɓangaren ya faɗa cikin kwarin rim ɗin. Na sa gwiwa na danna, sai ga taya ta shige suɓul kamar dama ni take jira. To wannan kwarin da ke tsakiyar rim shi ne rabin aikin gaba ɗaya, zan dawo kansa, amma bari mu fara daga farko.

Ka tabbatar tayar ta isa canji tukuna. Idan ka duba cikin zanen taya za ka ga wasu 'yan tudu ƙanana a kwance cikin ramin zanen, a gefen tayar kuma daidai wajen akwai rubutu TWI ko ɗan alamar kibiya mai nuna inda suke. Duk ranar da saman taya ya cinye ya zo daidai da tudun nan to ta gama aiki, ko da kai a idonka kana ganin da saura. Dokokin ƙasashe ma ba ɗaya ba ne, a Ingila milimita 1 ne mafi ƙarancin zurfin zane ga babur da ya wuce 50cc, a Jamus kuma 1.6 ga wanda ya wuce 125cc, amma gaskiya tun kafin a kai nan za ka fara jin bambanci a kan titi mai ruwa, domin ramukan nan su ne hanyar da ruwa ke bi ya fita daga ƙarƙashin taya. Sannan ba suɗewa kaɗai ba ce, taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. Nemo inda aka rubuta DOT a jikinta, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, misali 2322 yana nufin sati na 23 a shekarar 2022. Michelin suna cewa in taya ta shekara 5 a rinƙa dubata duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da zanenta na nan. Tsattsagewa a gefe, ƙari da ya kumburo kamar ƙurji, zare da ya leƙo, ko tsakiya ta baje ta zama falan har babur yana maka gardama a kwana, duk waɗannan ba a jira da su. Kuma wannan lambar ta DOT ka duba ta a jikin sabuwar da za ka saya ma, don sabuwa a kanti ba lallai sabuwa ce a shekaru ba.

Maganar saiz

A nan mutane da yawa ke yin shirme, wai a sa musu mai faɗi don babur ya yi kyau. Rim yana da faɗin da aka yi shi da shi, in ka cusa masa tayar da ta fi ƙarfinsa sai ta tsuke ta canja siffa, ƙarshe ma inda ke taɓa ƙasa bai ƙaru ba, ga ta tana gogar cen ko murfinsa. Karanta abin da ke jikin tsohuwar ka gwada da abin da littafin babur ɗin ya ce. Ƙananan babura za ka ga irin 2.75-17 ko 3.00-18, wato faɗin taya da inci sannan girman rim da inci. Manya kuma irin 120/70 ZR17 a gaba da 180/55 ZR17 a baya, 120 ɗin faɗi ne da milimita, 70 tsayin gefen taya ne kashi 70 cikin 100 na faɗin, R ɗin radiyal, wato irin saƙar da ke cikin jikin tayar, 17 rim. Bayan wannan akwai wata lamba da harafi da kusan kowa ke tsallakewa, kamar 48P ko 58W. Lambar nauyin da za ta ɗauka ce, 48 kilo 180 kenan, 58 kuma kilo 236, harafin kuma iyakar gudu, P kilomita 150 a awa, S 180, H 210, W 270. Za ka iya sa wadda ta fi abin da kamfani ya ce, amma kar ka sauka ƙasa, musamman in kana yawan goyo ko ɗaukar kaya. Sai TT da TL, TT mai tiyub ce TL tubles, wato marar tiyub. Yawancin ƙafa mai sifok, wato mai siraran wayoyin nan, sai da tiyub domin iska na bin ramukan sifok ɗin ta gudu. Kar kuma ka haɗa radiyal da wadda ba radiyal ba sai in kamfanin babur ɗin ne da kansa ya ce haka.

To yanzu gida ko gareji? Ni dai ga yadda nake kallonsa. In ƙaramin babur ne mai tiyub, tayarsa siririya mai laushi, wallahi babu dalilin da zai hana ka koya, ko ba komai ranar da faci ya kama ka inda babu kowa za ka gode wa kanka. In kuwa babban babur ne mai tubles, gefen taya gajere mai tauri kamar katako, rim na alminiyam mai fenti, faifan birki biyu a gaba ga ABS mai hana taya cijewa in an taka birki, to a nan lissafin ya canja, don kuskure ɗaya da liba zai bar maka tabo a rim har abada, in ka lanƙwasa faifan birki kuma ka yi asarar da ta ninka kuɗin aikin sau da yawa. Akwai hanya ta uku wadda ni ita na fi bi yanzu, ka cire ƙafar da kanka a gida, ka ɗauke ta ka kai wa masu injin cire taya su sa maka sabuwa su yi balansin, ka dawo ka ɗaura abinka. Yawanci aikin ya fi sauƙin kuɗi a haka tunda ba su taɓa babur ba, kuma kai ka san yadda ka ɗaure kowane noti.

In a gida za ka yi, kayan ba su da yawa. Liba uku na taya, biyu ma suna yi amma na ukun shi ne hannun da ba ka da shi, kuma dan Allah ba sukundireba ba. Sifana ko soket daidai da notin aksul, wato sandar da ƙafa ke juyawa a kanta, ɗan makullin cire zuciyar bawul, famfo ko kwamfaresa, geji na iska, ruwan sabulu, filaya, giris kaɗan, katako biyu, da robar kare rim wadda ko tsohuwar jarka ka yanka gunduwa-gunduwa ta wadatar. In da hali ka samu sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, wadda ke yin ƙas idan ta kai inda ka saita, ita ce kayan aikin da na fi daɗewa ina ganin ba dole ba ne har sai da na tsinke wani ƙaramin bol a ƙafar gaba.

Cire ƙafar

Sassauta notin aksul tun babur yana ƙasa da nauyinsa, kar ka bari sai ka ɗaga shi kana jijjiga shi ya faɗo maka. Bayan nan ka ɗora shi a dabul sitan ko jak a waje mai tauri, in ƙafar gaba za ka cire ka tokare ƙarƙashin inji don kar ya kifa. Kafin ka zare komai ɗauki waya ka yi hoto ta hagu da ta dama. Na san kana ganin za ka tuna, ba za ka tuna ba, waɗannan 'yan zobban ƙarfe da ke tsakanin ƙafa da jikin babur sau da yawa na hagu daban na dama daban, bambancin kaɗan ne amma in ka juya su ƙafa ba za ta zauna a tsakiya ba. Ni jera su nake yi a kan tsumma yadda suka fito. A baya za ka sassauta abin jan cen, ka tura ƙafar ta matsa gaba, ka sauke cen daga kan sifaket, faifan nan mai haƙora. In birkin duram ne sai ka kwance sandar birki da ƙarfen da ke riƙe farantin birkin. In na disk ne, da zarar ƙafa ta fita kar wanda ya matsa birki, yara ma a kore su daga wajen, don fad ɗin da ke matse faifan birki za su haɗe baki kuma sai ka sha wahala kafin ka raba su. Kalifa kuma, wato gidan da fad ɗin ke ciki, a ɗaure ta da igiya, kar a bar ta tana reto a jikin tiyon mai.

Kwantar da ƙafar a kan katakon nan biyu yadda faifan birki ba zai taɓa ƙasa ba. Cire zuciyar bawul iska ta fita duka. Ita kuma sabuwar tayar ka shanya ta a rana tun yanzu, roba mai ɗumi ta fi mai sanyi biyayya nesa ba kusa ba.

Sai raba leɓen taya da rim. A ƙaramar taya mai tiyub dunduniyarka ta isa, taka ka zagaya. Tubles kuwa tana manne ne gam, akwai wani ɗan tudu a cikin rim da ke riƙe leɓen, sai da abin matsa, ko babban kilam na kafinta ko ƙarfen da aka yi don hakan. Ka zuba ruwan sabulu ka raba gefe biyun duka, ba ɗaya ba.

Yanzu ga maganar kwarin nan. Leɓen taya akwai wayar ƙarfe a cikinsa, ba ya miƙewa, duk ƙarfinka ba za ka ja shi ya ƙara tsawo ba, sai dai ka tsinka shi ka lalata tayar. Kuma da'irarsa ta fi bakin rim ƙanƙanta, to ta ina ake samun sararin da zai haura? Daga tsakiyar rim, inda aka yi shi da zurfi. In ka tura leɓen wancan ɓangaren ya faɗa cikin zurfin, sai tayar gaba ɗaya ta matso wajenka, ɓangaren da kake aiki ya samu sako-sako. Shi kenan sirrin. Don haka gwiwoyinka suna kan taya a ɓangaren da ke kallon inda liba take, suna danne ta cikin kwari, hannunka kuma yana aiki a ɗaya ɓangaren. Duk lokacin da ka ji liba ta yi nauyi har kana cije baki, tsaya, kar ka ƙara ƙarfi, leɓen ne ya fito daga kwarin, koma ka danna shi. A mai tiyub ka fara cirewa daga kusa da bawul, saboda gindin bawul yana tare kwarin a wajensa, ka tura bawul ɗin ciki kaɗan tukuna. Sa robar kare rim, sa liba ta kamo leɓen kawai ba tare da ta cafko tiyub ba, ɗaga, sa ta biyu kamar faɗin tafin hannu daga ta farko, haka za ka yi ta bi kaɗan-kaɗan, mai haɗama da ke son ya ɗebo da yawa shi ke fasa tiyub. In gefe ɗaya ya fita zaro tiyub, tayar da ƙafar tsaye ka fitar da ɗaya gefen. Wasu manyan babura suna da na'urar auna iska a gindin bawul ta ciki, in naka yana da ita ka nisanta liba daga wajen.

Tunda rim ya fito tsirara kar ka yi gaggawar rufe shi. Goge tsatsa da tsohuwar robar da ta manne, duba ko ya lotsa ko ya tsage. Mai sifok ka duba robar da ke zagaye da tsakiyarsa tana rufe kawunan sifok, in ta tsinke ko ta goce canja ta, ita ce ke jawo facin da ake rasa dalilinsa. Sa yatsa a cikin boris ka juya, in ka ji gargada ko yana wasa to yanzu ne lokacinsa. Robobin da ke bayan sifaket su ma ka leƙa su. Tubles a sa sabon bawul, mai tiyub a sa sabon tiyub mai saiz ɗin tayar, tsohon ya riga ya buɗe, a cikin sabuwar taya naɗewa zai yi kuma inda ya naɗe nan zai fashe wata rana.

Sa sabuwar

Nemo kibiya a gefen taya, tana nuna inda za ta rinƙa juyawa in babur na tafiya gaba. Tsaya ka yi tunani da kyau wane gefen rim ne hagu wane ne dama, sifaket ko faifan birki zai nuna maka, ni har alli nake sawa in zana kibiyar a rim kafin in cire tsohuwar. Wasu tayoyin kibiya biyu gare su, ɗaya in an sa a gaba ɗaya in an sa a baya. In ka ga ɗigon fenti a gefe, rawaya ko ja, a yawancin kamfanoni wajen da tayar ta fi rashin nauyi kenan, sai ka daidaita shi da bawul. Shafa ruwan sabulu a leɓe biyun. Ban da man inji, ban da giris, ban da fetur, suna cin roba kuma santsinsu ba ya bushewa, taya za ta iya zamewa a kan rim ta fizge bawul. Gefen farko yawanci da hannu ma yake shiga. Tiyub ka ɗan busa masa iska kaɗan yadda zai yi siffa ba ya kwanta lakaf ba, ka barbaɗa masa hoda, ka fara zura bawul a raminsa ka ɗaura notin da zare biyu uku kawai don kar ya koma. Gefe na biyu ka fara daga nesa da bawul ka ƙare a wajensa, gwiwa na kan aikinta, kuma kar ka kifa liba ta wuce tsaye sosai, a wannan kifawar ta ƙarshe ce bakinta ke cizon tiyub a jikin rim. Nan na kashe guda biyun da na faɗa.

Wajen ba da iska, tubles tana son iska mai yawa lokaci ɗaya, shi ya sa ake barin zuciyar bawul a cire a yi da kwamfaresa, za ka ji fau sau biyu, leɓe biyun sun hau kenan. Yatsunka su yi nesa da tsakanin taya da rim. In ka kai wajen psi 40 ba ta hau ba kar ka ci gaba da dura mata, sace iskar, ƙara sabulu, sake gwadawa. In iska na gudu ta gefe ɗaura igiyar ɗaure kaya a zagayen tayar ka matse. Wannan abin da ake yi na fesa fetur a ƙyasta ashana kuwa, haba, fuska ɗaya gare ka. Bayan ta hau duba siririn layin da ke zagaye da gefen taya kusa da bakin rim, tazararsa ta zama ɗaya ko'ina a gefe biyun, in ya nutse a wani waje ba ta zauna ba. Maida zuciyar bawul, sa iska daidai abin da ke rubuce a sitikar jikin babur ko littafinsa, ba lambar da ke jikin taya ba, waccan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. In gejinka bar yake nunawa, bar 1 wajen psi 14.5 ne. Shafa ruwan sabulu a bawul da bakin rim ka ga ko zai yi kumfa. Notin bawul na tiyub kuma ni ba na ƙulle shi gam a jikin rim, in ya ɗan karkace ina so in gani tun kafin ya yage.

Balansin a gida ba wuya. Zura aksul, ɗora bakinsa biyu a kan abu biyu masu tsayi ɗaya, juya ƙafar a hankali ka bar ta ta tsaya da kanta, yi haka sau uku. In kullum waje ɗaya ke komawa ƙasa to nan ne mai nauyi, sai ka manna ɗan nauyi a sama daidai kishiyarsa, irin masu giram 5 ɗin nan, ka yi ta gwadawa har ta rinƙa tsayawa duk inda ta ga dama. A ƙaramin babur da ba ya wani gudu da yawa ba sa yi kuma suna tafiya lafiya, amma babba in ka tsallake za ka ji shi a hannunka a babban titi.

Maida ƙafar shi ne wajen da ya fi haɗari a duk aikin, kuma lokacin ne ka gaji kana so ka gama. Taya in ba ta zauna ba za ka gani da ido, noti in bai ɗauru ba sai a kan hanya zai faɗa maka. Shafa giris kaɗan a aksul, maida zobba yadda hoto ya nuna, faifai ya shiga tsakanin fad biyu, a gaba in mitarka ta waya ce ka tabbatar haƙoran gidanta sun faɗa gurbinsu. Cen ka saita alamomin hagu da dama su zo ɗaya, ka juya ƙafa ka nemo inda ya fi tsauri ka auna a nan, yawancin baburan titi wasan yana wajen milimita 20 zuwa 30 amma bi na littafinka. Ɗaure notin aksul da ƙarfin da aka rubuta, in mai fin ne, ɗan ƙarfen da ke hana noti warwarewa, sa sabon fin. Ƙananan bol da ke matse aksul a ƙasan shokazoba na gaba su ne na ƙarshe, bayan ka sauke babur ka danna kansa sau uku huɗu komai ya zauna. Goge duk wani maiƙo ko sabulu daga faifan birki. Sannan matsa birki, gaba da baya, ka yi ta matsawa har ya yi tauri kafin ka ko tada inji, domin matsawar farko fanko ce.

In kuma gareji ka kai gaba ɗaya, babu laifi, amma kar ka miƙa makulli ka tafi yawo. Tambaye su tun farko ko suna da injin da ke kama rim ɗin babur, don na mota kai tsaye yana iya cin rim ko ya taɓa faifai, kuma ko suna balansin. Ka ga tayar da idonka kafin a sa, saiz da DOT. In an gama ka zagaya da kanka, kibiya, layin gefe, sabon bawul, iska da gejinka, cen, notin aksul, birki. Wani gareji sun taɓa sa min tayar gaba a juye, da na nuna wa mai wajen na ce oga dan Allah dubi kibiyar nan, sai ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, zanen an yi shi ne ya kori ruwa ta fuska ɗaya. Ban yi masa hayaniya ba, na dai ce ranka ya daɗe a daure a juya min, ya yi 'yan gunaguninsa ya sa yaransa suka juya.

Sabuwar taya tana da santsi kuma siffarta ba irin wadda hannunka ya saba da ita ba ce, za ka ji babur yana faɗawa kwana da sauri fiye da da. Kamar kilomita 160 na farko ka bi ta a hankali, ban da fizga, ban da cafke birki, kwanciya a kwana kuma ka rinƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har gefunan su goge. Washegari da safe kafin ka hau, tayar tana sanyi, sake sa geji ka gani ko iska ta ragu, ka kuma ɗora sifana a kan notin aksul ka ji.